Gurbin Farfesa

Asabar, ƙarfe shida da rabi na safe

Likita ce ta ce in riƙa rubutu, wai ba mara lafiya kaɗai ke buƙatar magani ba, har da mutanen gidansa. Na ce mata shekara ashirin da shida nake zaune a kan rubutu a maɗaba'a, da jan biro a hannu ina gyara na mutane, ban taɓa yin nawa ba. Ta ce to yanzu sai ka yi naka, kuma kada ka gyara. Yarinya ce ƙarama, na girme ta nesa ba kusa ba, amma na ce to.

Farfesa tana asibiti tun ranar Alhamis. 'Yata ce, ita kaɗai Allah Ya bar mana, shekararta goma sha takwas. Ni na sa mata wannan suna tana 'yar shekara huɗu, ranar da na same ta ta ɗora tabarauna a hanci tana riƙe da jarida a juye. Sunan ya bi ta, har mamanta ma ta sallama.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Alhamis ba.

Abin da zan rubuta shi ne ta samu gurbi. Jami'ar nan mai zaman kanta, wadda ko masu hannu da shuni sai sun yi layi, ta ɗauke ta. Mutum dubu shida suka nema, tamanin aka ɗauka, 'yata tana ciki. Bara ta nema suka mayar da ita daga ganawar ƙarshe, bana ta tsallake. Tare da wasiƙar ɗaukarta sun aiko fom mai ƙananan akwatuna uku: na karɓa, ina neman a ɗage mini zuwa baɗi, na haƙura. Za a mayar kafin sha biyun ranar Juma'a ta uku daga yau, in ba haka ba, su ba wani gurbin. Fom ɗin yana cikin aljihun jakata.

Asabar, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ƙarfe huɗu ake buɗe ƙofar hawa na uku na asibitin, ƙarfe biyar a kore mu. A bakin ƙofa suka karɓe mini igiyar cajin waya da ɗan almakashin da ke jikin makullaina. Tagogin ɗakin ba sa buɗewa fiye da yatsa huɗu, na auna.

Da na shiga sai ta juya fuska bango. Na ce, “Farfesa, ya jiki?” Shiru. Mamanta ta ɓare mata ayaba, ta ci rabi a hannun mamanta. Wadda na ɓare tana nan a kan faranti har muka fito.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

Kafinta ya zo gyaran ƙofar banɗaki. Ya duba, ya duba, ya ce, “Maigida, yaya aka yi sakata ta fita har da katakonta?” Na ce katakon ne ya tsufa. Ya ce, “Ai kuwa sabo ne.” Na ce masa gyara na kira shi ya yi, ba bincike ba.

Da ya ɗauko sabuwar sakata, mamanta ta fito daga kicin ta ce kada a sa. Ya ce, “Banɗaki ba sakata?” Ta ce, “A bar shi haka.” Aka bar shi haka.

Har yanzu kafaɗata tana ciwo.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana, wurin aiki

Na koma aiki don gidan ya yi mini faɗi. Dogo, mai kula da injin bugawa, ya tare ni da hannu duk tawada: “Baban Farfesa! Yaushe za mu raka ta? Na ce wa matata ni zan ɗauki akwatin, don kai bayanka ya gama aiki.” Na ce zazzaɓi take yi. Ya ce ai zazzaɓin murna ne, ya yi dariya, na taya shi.

Laifina ne. Ranar da wasiƙar ta zo kwafi arba'in na buga a nan, na sa musu leda, na rarraba wa dangi da maƙwabta har da mai gyaran babur na bakin titi. Ɗaya tana rataye a saman teburina. Yanzu duk wanda ya shigo sai ya tsaya ya karanta ya yi mini barka.

An kawo ƙyallen maraba na wata makaranta, an rubuta “Barka da zuwa manyan baki.” Na sa wa k ɗin ƙugiyarsa ya koma baƙi, na mayar wa mai tsarawa na ce in dai manyan bakuna suke jira to ya bar shi. Aikina ke nan tun ina saurayi, bin ƙugiyoyin da mutane ke zubarwa. Kowa yanzu da waya yake rubutu, ƙ da k duk ɗaya ne a wurinsu, sai mai karatu ya yi ta canki-canka. Ni dai ba a taɓa mayar mini da aiki ba.

Talata, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Ta juya bango.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Yaya ta bugo waya tun kafin in sha shayi. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ba a yi mata ƙarya cikin sauƙi. Ta ce, “Wane irin zazzaɓi ne da ba a barin goggonta ta gan ta?” Na ce mai yaɗuwa ne. Ta ce, “Allah Ya ba ta lafiya. Kai ma Allah Ya ba ka.” Ban tambaye ta me take nufi ba.

Na shiga ɗakin Farfesa neman rigunan da za a kai mata. Jadawalin karatunta yana nan a bango, wanda na tsara na buga da kaina a takarda mai kauri. Shekara biyu ke nan. Na tsaya na karanta shi kamar aikin wani aka kawo mini. Awa goma sha ɗaya a rana. Na nemi inda aka rubuta hutu, na samu minti ashirin bayan la'asar, kuma ko shi na sa masa alamar tauraro, a ƙasa na rubuta “idan an gama na safe.”

Ai don ita na yi. Ni da na tsaya a aji biyar na sakandare, na san abin da rashin takarda ke yi wa mutum. Don ita na yi.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Saura mako biyu.

Na fito da fom ɗin a falo ina shafa shi don ya ɗan lanƙwashe a jaka. Na ce wa mamanta makaranta sai nan da mako bakwai za a fara, in an sallame ta da wuri tana da lokacin murmurewa. Tana ninke kaya, ba ta ɗago ba. Ta ce, “Malam, ni 'yar nake jinya, kai takardar kake jinya. Kowa ya ji da tasa.”

Shekara ashirin da uku muna tare, ba ta taɓa yi mini magana haka ba. Na yi fushi, na fita ban ci abinci ba, na zagaya unguwa sau biyu na dawo. Ta ajiye mini abincin a rufe, na ci.

Lahadi, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Yau na ji muryarta daga baranda, tana ce wa mamanta gashinta yana ƙaiƙayi. Na tsaya a waje na kusa minti goma ina saurare, don na san ina shiga za ta yi shiru. Na shiga, ta yi shiru.

Talata, ƙarfe biyu na rana

Ban koma aiki ba. Ina zaune a benci a harabar asibiti.

Likita ta kira ni ofishinta ni kaɗai. Ta ce Farfesa ta fara magana da ita, kuma ta yarda a gaya mini abu ɗaya. Ta ce, “Baba, ta ce ta roƙe ka ka bar ta ta ɗage shiga jami'ar zuwa baɗi, ka hana.”

Na miƙe tsaye. Na ce wallahi ba a yi haka ba. Na ce duk abin da za a ɗora mini a ɗora, amma ban da ƙarya, 'yata ba ta taɓa roƙona haka ba. Na ce ita da kanta ta rubuto mini cewa za ta jure, ga shi ma a wayata. Na lalubo saƙon, na ranar Lahadin da ta gabaci Alhamis ɗin nan, ina wurin aiki muna bugun gaggawa. Na karanta mata da ƙarfi:

“Baba na gaji. Ina ganin gara in dage.”

Na ce, “Kin ji? In dage, ta ce. Ita ta ce za ta dage.”

Likita ta karɓi wayar ta duba, ta miƙo mini. Ta ce, “Wayarta tana da ɗ mai ƙugiya?”

Ba ta da shi. Ni na saya mata wayar, na sha yi mata tsiya a kai.

In ɗage. Akwati na biyu take nufi. Fom ɗin yana gabanta a lokacin.

Amsata tana nan a ƙasan saƙon, da ƙugiyoyinta cif-cif, don ni wayata tana da su: “Haka nake son ji. Dage, 'yata. Kowa ma ya gaji, saura ƙiris. Kada ki ba ni kunya.” Ta rubuto “to.” Shi ne saƙonta na ƙarshe.

Ban san yadda na fito daga ofishin ba.

Talata, ƙarfe shida na yamma

Ƙugiya ɗaya.

Laraba, ƙarfe shida na safe

Jiya na kwana ina ɗora wa wayar laifi. Na ce da ta faɗa mini da baki ai da na ji bambancin, kunnena bai taɓa haɗa d da ɗ ba. Amma ta san in ta tsaya a gabana maganar ba za ta fito ba, shi ya sa ta rubuto, muna gida ɗaya.

Da safen nan na sake duba saƙon yadda nake duba aikin mutane, kalma-kalma da yatsa. “Baba na gaji.” Babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya a cikin wannan. Daidai ta rubuta shi, daidai na karanta shi, na wuce. Mutumin da ya gaji kuma ya ce “gara,” ai sauƙi yake nema. Da a rubutun wani na gani, da tuni na zagaye kalmar da ja na tambayi mai ita me yake nufi. Na 'yata ne, sai na karanta abin da nake so.

Na nuna wa mamanta. Ta karanta, ta ajiye wayar a hankali, ta shiga kicin ta kunna famfo. Ya daɗe yana zuba.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Na je jami'ar. Ciyawa kore shar, itatuwa a jere, ko takarda ɗaya babu a ƙasa. Rabona da wurin tun ranar ganawa, da na zauna a mota awa huɗu ina jiranta. Ina tafe ina kallon ɗaliban, ina sa 'yata a cikinsu, ban iya hana kaina ba.

Matar ofishin ɗaukar ɗalibai dattijuwa ce mai tabarau a igiya. Ta ce neman ɗagewa ba hakki ba ne, alfarma ce, kwamiti zai zauna Litinin. Ana buƙatar wasiƙar likita mai faɗin ciwon da sunansa. Na ce zazzaɓi ne. Ta cire tabarau ta dube ni ta ce, “Malam, kwamiti ba ya ɗage wa zazzaɓi.”

Na koma asibiti na karɓo wasiƙar. Likita ba ta manne ambulan ba. A cikin mota na buɗe, na karanta layi biyu na rufe. Akwai waƙafi da ya ɓace a layi na biyu, na bar shi. Na kai musu kafin a tashi.

Juma'a, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na gaya mata, ga bayanta nake magana. Na ce, “Na karanta saƙonki ba daidai ba. A'a, na karanta, ban ji ba. Na nemi a ɗage miki. Ki yafe mini.” Ba ta juyo ba, amma ta ja bargo ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Mamanta ta yi mini nuni da ido in fita, na fita.

Saura mako ɗaya.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Na sauke jadawalin. Fentin wurin ya fi na sauran bangon haske.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana, wurin aiki

Ina ta duba waya. Na saki shafi huɗu da kuskure biyu, Dogo ne ya gani a kan inji ya kawo mini a ɓoye. Ya ce, “Yau kai ne? Lallai duniya ta zo ƙarshe.” Da ya ga ban yi dariya ba sai ya jawo kujera ya zauna, bai tambaye ni komai ba. Ya raba burodinsa biyu ya tura mini rabi.

Talata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Sun ƙi. Matar ofishin ta bugo da kanta, ta ce bana masu jira sun yi yawa, kwamiti bai ɗage wa kowa ba. Ko Farfesa ta zo a kan lokaci, ko ta sakar wa wani. Ta nema bara, ta nema bana, kuma ba sa karɓar nema na uku.

Likita ta ce kada in gyara, to ga shi ban gyara ba. Da na ajiye wayar na ɗauko fensir na sa alama a akwati na farko. Na ce wa kaina saura mako biyar, jikin yara da saurin warkewa, can ma akwai likitoci, in ta ga ciyawar nan da ɗakin karatun nan za ta ware. Na ce shekara biyu ba za su tafi a banza ba. Da fensir na sa, ba da biro ba. Iyakar abin da zan iya faɗa don kare kaina ke nan.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Na same ta a zaune, ta jingina da filo, mamanta ta taje mata kai. Ta rame, wuyanta kamar na 'yar shekara goma. Ta dube ni, karo na farko cikin kwana ashirin.

Ta ce, “Sun ƙi ko, Baba?”

Na ce sun ƙi.

Ta miƙo hannu, na ba ta fom ɗin. Ta ga alamar fensir. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta yi murmushi, irin wanda take yi mini in na kawo sabon littafin gwaji. Ta ce, “Ba komai, zan je. Ba ni biro in sa hannu. Ba zan ƙara ba ka kunya ba.”

Muryarta lafiya lau. Amma ɗayan hannun yana ƙarƙashin bargo, kuma bargon yana karkarwa. Mamanta ni kawai take kallo.

Da na ba ta biron da ta sa hannu, na san haka. Da ta je, ta zauna a sahun gaba, ta rubuto mini kullum cewa komai lafiya, ni kuma in karanta in yarda.

Na karɓi takardar, na goge alamar da gindin fensir har wurin ya kusa hujewa. Na ce, “Ba za ki je ba.”

Ta ce, “Baba, ba sa karɓar na uku.”

Na ce na sani.

Ta ce, “Me za ka ce wa su Goggo? Da mutanen da ka ba kwafi?”

Na ce, “Ni na raba, ni zan bi in karɓo. Ba aikinki ba ne.”

Na sa alama a akwati na uku da biro, ta sa hannu a ƙasa, na sa nawa. Ta koma ta kwanta, fuskarta tana wajenmu. Kafin a kore mu barci ya ɗauke ta, baki a buɗe. Ma'aikaciyar jinya ta ce rabon da ta yi barci ba magani tun da aka kawo ta.

A matakala na zauna na yi kuka. Ina so in ce na farin ciki ne duka, amma ba duka ba ne. Wani na gurbin ne. Na so shi ƙwarai, har yanzu ina son shi, kuma ina jin kunyar hakan.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Na kai fom ɗin sha ɗaya da kwata. Matar ofishin ta duba akwatin, ta duba sa hannun, ta buga hatimi. Ta ce, “Allah Ya ba ta lafiya, Malam. Na karanta rubutunta, yarinya ce mai kai.” Na ce amin, na gode.

Ina tattara jakata ta jawo wata takarda mai jerin sunaye, ta sa yatsa a na farko, ta ɗaga wayar tebur. Ba ta jira na fita ba, lokaci ya ƙure mata. Na ji ta tana tambaya ko da mahaifin wane take magana, ta ce gurbi ya samu.

Daga inda nake tsaye ina jin mutumin ta cikin wayar. Ya yi ihu, ya yi kabbara, yana ƙwala wa matarsa kira, yana kiran sunan yaron yana cewa zo, zo, zo ka ji. Muryar mutum ce kamar sa'ana. Matar ta nisantar da wayar daga kunnenta tana murmushi, sai ta tuna ina wurin, ta daina.

Na so in ce ta ba ni shi minti ɗaya. Na buɗe baki ma. Amma me zan ce wa mutum a ranar da ta fi kowace rana daɗi a rayuwarsa, kuma da wani ya faɗa mini a tawa ranar, da na ji?

Na tsaya har ya gama murnarsa. Yaron dai ban ji muryarsa ba.